Raƙumi a gindin adaka

Sati uku darakta ya ba ni, ni kuwa na ci wata shida. Har yau in ya so tsokanata gaban abokan aiki sai ya ce, "Ku bar wannan, aikensa aiken bawa garinsu ne."

Abin ya faro a watan Oktoba na 2024, lokacin da hukuma a Yamai ta cire sunan Janar Digol, tsohon shugaban Faransa, daga wani babban titi ta sa sunan Jibo Bakari. Mun karanta labarin da yamma a ƙaramin gidan rediyon da nake aiki a nan Tawa. Washegari, cikin shirin gaishe-gaishe, wani ɗan kabu-kabu ya bugo waya yana murna, wai an karrama mai jami'armu. Na ce masa a'a, jami'ar Tawa sunan Jibo Hamani gare ta, malamin tarihi, wannan kuwa Jibo Bakari ne na jam'iyyar Sawaba. Ya ce, "To shi kuma wane ne?" Na buɗe baki, abin da ya fito bai wuce haddar da aka ba mu a lakwal ba: ya ce a'a a ƙuri'ar 1958, aka kore shi. Na yi maza na sa kiɗa na rufe kunyata. Ina fitowa na tarar da darakta a bakin ƙofa. Ya ce in haɗa shiri na minti 45 da Hausa, wanda mai sayar da itace zai ji ya gane.

Wurin tsohon malaminmu na tarihi na fara zuwa, wanda ya yi ritaya yana zaune a Bilbis. Har yanzu Mushe nake ce masa, kuma har yanzu ba na iya zama kan kujera in yana kan tabarma. Ya ara mini littattafai biyu: wanda Jibo ya rubuta da kansa da Faransanci, ya fito a 1992, da wani ƙato na wani mai bincike ɗan ƙasar Holan da ya yi shekaru yana bin tsofaffin 'yan Sawaba gari-gari. Da zai miƙa mini na Jibo sai ya riƙe gefensa, ya ce, "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba a bakinsa za ka ji inda ya yi tuntuɓe ba. Ka karanta biyun tare." Ya kuma ce in sayi kaye sabo, in raba kowane shafi biyu, hagu shekara, dama abin da ya faru, kada in rubuta ra'ayina ko ɗaya sai kayen ya cika.

Shafin farko ma ya ba ni mamaki. An haifi Jibo a 1922 a Sudure, ƙauyen Zabarmawa a bakin kogi kusa da Yamai, garin da aka haifi Jori Hamani, shugaban Nijar na farko, shekara shida kafin nan, kuma 'yan uwa ne su biyun. Amma a Tawa ya tashi. Wani ɗan uwan iyayensa mai suna Bakari, ma'aikaci a hannun Nasara, shi ya ɗauko shi yana yaro ya kawo shi nan, a nan ya shiga lakwal, a nan Hausa ta zauna a bakinsa, sunan mariƙin nasa kuma ya bi shi har kabari. Shekara talatin da ɗoriya ina taka wannan rairayin ban taɓa jin wani ya faɗa mini haka ba. Daga Tawa karatu ya kai shi har makarantar William Ponty ta Sanagal, inda Faransa ke horar da malamai da akawunanta na Afirka ta Yamma. Ya dawo ya koyar a Ƙonni da Agadas.

Siyasa ta buɗe bayan yaƙin duniya na biyu. A 1946 aka soke aikin tilas, a shekarar aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, aka kafa RDA a Bamako, babbar jam'iyyar da ta haɗa ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, PPN ta zama reshenta. A 1947 Jibo ya zama sakataren PPN. Lokacin RDA na ƙawance da 'yan kwaminis na Faransa a majalisar Paris. Da matsi ya yi yawa, a 1950 Hufuwet Bwanyi na Kodibuwa, shugaban RDA, ya raba gari da su ya nemi sulhu da hukuma. Jori ya bi shi, Jibo ya ƙi. Nan hanyar 'yan uwan biyu ta rabu. Jibo ya koma aikin sandika, yana haɗa kan leburori da ƙananan ma'aikata, a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN tare da irin su Usman Ɗan Galadima na Madawa da Abdullahi Mamani. A Nuwamban 1956 ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa da ƙuri'a. A Maris na 1957 jam'iyyarsa ta ci kujera 41 cikin 60 na majalisar ƙasa, ya zama shugaban gwamnatin 'yan ƙasa ta farko, ko da yake a takarda mataimaki ne, gwamna Bature ke sama. Jam'iyyar a lokacin MSA ce a takarda, bayan UDN ta haɗe da BNA, jam'iyyar da sarakuna suka fi rinjaye a ciki. A kasuwa da tasha kuwa Sawaba ake cewa.

Kayen ya cika cikin kwana goma. A raina na ce aiki ya ƙare, saura in zauna gaban mikro in karanta. Na gwada karanta shafi biyu wa matata, kafin in kai 1954 ta tashi duba tukunya.

Matsalar farko kalma ce. Littattafan duk suna ce masa ɗan "sosiyalis". Mu a rediyo gurguzu muke cewa, haka muka gada daga manyan tashoshi. Na je gaida wata tsohuwa maƙwabciyarmu, na ce mata ina shiri a kan wani ɗan gurguzu na zamanin Nasara. Ta dube ni ta ce, "Gurguzu na daddawa?" A kunnenta gurguzu 'ya'yan yakuwa ne. Na koma wurin Mushe, ya yi dariya har da tari. Ya ce babu wanda ya taɓa shiga Sawaba a Adar, yankinmu na Tawa, saboda ya karanta Karl Marx. Sunan da kansa ya isa bayani: sawaba, sauƙi, a sauke wa mutum kayan da ya yi masa nauyi. Kalmar ma ta riga ta yi tashe a Kano tun da aka kafa NEPU a 1950, kuma tsakanin mutanen Malam Aminu Kano da na Jibo akwai zumunci, iyaka ba ta raba su ba. Na yanke shawara zan faɗi gurguzu sau ɗaya tak a shirin, don 'yan lakwal, daga nan sai in bar tsofaffi su faɗi sunan da suke kiran abin da shi.

Sai neman tsofaffin. Lissafi mai sauƙi ne: wanda ke da shekara 20 a 1958 yau ya haura 85. Ba su da yawa, kuma ba duka hankali ke tare da su ba. Na farkon da aka nuna mini, na yi masa zuwan 'yan jarida. Na faka moto, na yi sallama, na ajiye na'urar ɗaukar murya kan tabarma tun kafin mu gama gaisawa, na ce na zo tambaya a kan Sawaba. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya ce shi manomi ne, bai san komai ba sai hauya, ya kira jikansa ya raka ni. Shekara sittin da wucewar abin, duk waɗanda za a ji tsoro sun mutu, amma tsoron na nan ɗanye.

Limamin unguwarmu ne ya gyara mini tafiya. Ya ce ba a zuwa wa tsoho da tambaya a hannu. A je da goro, da sukari da ganyen shayi, a gaida shi a tafi. A koma a yi hirar damina da tsadar hatsi. Sai a zuwa na uku, in shi da kansa ya ɗauko zancen da, a bi shi a hankali. Na'ura kuwa sai ya yarda, kuma a faɗa masa ƙarara ba za a ambaci sunansa ba. Wannan shi ya cinye mini Nuwamba da Disamba. Mutum tara na bi ta haka, huɗu suka yarda aka ɗauki muryarsu.

Wanda ya fi ba ni abu wani tsohon tela ne, idanunsa sun tafi amma kansa garau. Yana koyon ɗinki a 1957. Na tambaye shi, "Baba, me kuka nema a Sawaba?" Ya ce, "Ɗiyana, kai ba ka san lanho ba." Ya ba ni labarin harajin kai, yadda ake shanya magidanci a rana in bai biya ba, yadda dogari zai shiga garke ya kama ragon da ya yi masa, yadda kowace ƙara sai da gaisuwa. Ya ce su a lokacin Nasara nesa yake, kumandan sai a wata ba ka gan shi ba, amma dogari kullum yana ƙofar gida. "Mu teloli, da mahauta, da 'yan kamasho, da direbobi da yaransu, da matan da ke zaman kansu, mu munka ɗauki raƙumi. Masu rawani da masu albashi babba sunka bi giwa." Raƙumi alamar Sawaba, giwa alamar RDA. Ya ce ranar da ya fara ganin Jibo a taro, abin da ya kama shi ba maganar ba ce, a'a, ganin ɗan lakwal mai kwat yana magana da Hausar Adar ba tafinta.

Na so in gyara masa zancen masu rawani, don kayena ya nuna a 1957 sarakuna da yawa na tare da Jibo ta hanyar BNA. Na yi shiru, don ashe nan ne gaɓar labarin duka. Jam'iyyar talakawa ta hau mulki bisa kafaɗar sarakuna. Da ta hau, gwamnatin Jibo ta tuɓe wasu daga cikinsu, sauran suka sha jinin jikinsu. A Yulin 1958, a babban taron jam'iyyar PRA a Kotonu, Jibo na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan a ba da 'yanci nan take. Digol ya sa ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba: i, a zauna cikin tarayya da Faransa, a'a, a tafi. Seku Ture a Gini ya ce a'a, Jibo a Nijar ya ce a'a. Faransa na iya haƙura da Gini, amma Nijar na jingine da Aljeriya inda take yaƙi, ga Sahara da ta fara gano arzikin da ke ƙarƙashinta, ga Nijeriya a kudu. Aka turo sabon gwamna, Kolombani, ya zagaya fadoji, sojoji suka bazu, manyan BNA suka juya baya. Sakamakon da aka bayyana: i dubu 372 da 'yan kai, a'a dubu 102 da 'yan kai, wato kashi 78 da kashi 22, kuma cikin mutum goma da ke rajista ko huɗu ba su fita ba. A Oktoba gwamnatinsa ta faɗi. Aka sake zaɓe a Disamba, ranar 18 ga wata aka kafa jamhuriya da Jori a kai. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba. A ganina an yi masa ƙarfa-ƙarfa, wannan ba gardama. Amma shi ma ya yi gini da tubalin aro, masu shi kuwa suka zo suka kwashe abinsu ranar da ya fi bukata.

Mushe ya hana ni tsayawa kan mutanen raƙumi kaɗai. Ya haɗa ni da wani tsohon akawu, ɗan giwa tun yana saurayi, wanda ya karɓe ni da babbar riga kamar zai je biki. Shi bai ji tsoron na'ura ba, shi ya ce in matso da ita. Ya ce, "Yaro, 'yanci da me? Ba teku, ba layin dogo, masu digiri a ƙasar duka ana ƙirga su da yatsu. Ka tambaya abin da Faransa ta yi wa Gini, ta kwashe ma'aikatanta da kayanta ta bar su. Mu mun yi haƙuri shekara biyu, 3 ga Agusta 1960 ta zo ba wanda ya zubar da jini." Na ce, "Alhaji, to haramta jam'iyya fa, da kulle mutane?" Ya gyara hula, ya ce an yi kuskure, amma in je in karanta abin da ya faru a 1964 sannan in dawo mu yi magana.

Shi ya sa a Janairu na hau bis ɗin asuba zuwa Yamai, kilomita wajen 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, da takardar neman izini mai hatimin gidan rediyonmu. A ofishin da na kai ta aka ce mai sa hannu ya fita, in dawo gobe. Gobe aka ce takardar sai da tambur. Kwana biyu cikin huɗun da nake da guzurinsu suka tafi a haka. A rana ta uku wata ma'aikaciya ta ji tausayina ta fito mini da ɗaurin jaridar gwamnati ta zamanin, Le Temps du Niger, na ƙarshen 1964. Takardun sun yi ja, gefensu na karyewa, ba a yarda a ɗauki hoto ba sai an biya, don haka na kwafa da hannu har yatsuna suka ƙage.

Ga abin da ya faru, in an haɗa jaridar da littattafan. Jibo ya bar ƙasa a 1959, ya zauna Bamako, daga baya Akara wurin Nkuruma, shugaban Gana. Sawaba ta tura ɗaruruwan samari waje, wasu karatu a ƙasashen gabashin Turai, wasu horon soja a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana. A Oktoban 1964 suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. Gwamnati ta riga ta san da zuwansu, aka sa mutanen ƙauyuka farautarsu da kwari da baka. A wajen Ƙonni, nan kusa da mu, aka kashe ɗaya daga jagororinsu, Danduna Abubakar. A Yamai aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a. Sai kame ya biyo baya, har da waɗanda laifinsu kawai an san su da raƙumi a da. A Afrilun 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti don kashe Jori. Jori ya tsira, yaro ƙarami ya mutu. Jaridar ba ta kiransu da wani suna sai 'yan ta'adda. Littafin Jibo kuwa masu kishin ƙasa yake ce musu. Na zauna da kalmomin biyu a gabana, na rasa wadda zan sa a bakina gaban mikro. A ƙarshe "samarin Sawaba" na ce, don samari ne.

Kafin in hau bis ɗin komawa na je na ga titin. Allo ne sabo da sunansa, motoci na wucewa. Na tambayi wani mai shayi a gefen ko ya san mai sunan, ya ce wani ne da ya ƙi Faransa. Bai yi ƙarya ba.

Da na dawo muka yi sa-in-sa da darakta. Shi so yake shiri ya tsaya a 1958: ga gwarzo, ya ce a'a, aka zalunce shi, a sa taushin kiɗa a rufe. Ya ce yanzu da ake ɗaga sunansa ba lokacin tono ba ne. Na ce masa in mun tsaya nan, mun binne samarin 1964 karo na biyu, kuma a yankinmu aka zubar da jinin wasunsu. Jibo na Akara lokacin da ya tura su, lissafinsa bai fita ba, su suka biya. Wanda ya ƙi faɗin wannan ba ƙaunarsa yake ba. Muka daidaita a kan kashi biyu, kowanne minti 45, da sharaɗin duk abin da na faɗa na 1964 sai na nuna masa inda na samo.

Sauran rayuwarsa ban ba ta fiye da minti bakwai ba. Bayan an kifar da Nkuruma a 1966 ya koma Konakiri. Da Saini Kunce ya kifar da Jori a Afrilun 1974 ya dawo gida, a 1975 aka kama shi da zargin shirya juyin mulki, aka kai shi Gigimi can bakin tafkin Cadi, bai samu sakin gaske ba sai 1984. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ya farfaɗo da Sawaba, amma ta rabe biyu. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Adar ɗin da ta raine shi ta riga ta koma bayan wani ɗan gurguzun, Mahamadu Isufu na jam'iyyar Tarayya. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Daga baya aka sa sunansa a gadar Farye, sai kuma titin nan.

Haɗa shirin ya faɗo cikin azumi. Awa goma sha ɗaya na murya gare ni, minti 90 ake so. Sai da na rubuta duk hirarrakin a takarda, na ja layi ƙarƙashin abin da zai shiga, sannan na zauna gaban kwamfuta ina yanka. Tsofaffi ba sa magana a miƙe, sai su fara da 1957 su faɗa yunwar 1973 su dawo. Wurin yankan na gane wani abu: in na cire shirun da telan ke yi kafin ya ambaci wani abokinsa da aka tafi da shi, maganar ta zama labarai. Na mayar da shirun. Na share duk sunan da ba na mutanen da tarihi ya riga ya sani ba. Da rana kuran na yankewa a wurin aiki, ga zafi ga ƙishirwa, sai na riƙa ɗauko aikin gida ina yi bayan asham a tsakar gida.

A dare na huɗu ina sake sauraron telan, sai na ji muryar kakata, mahaifiyar babana, daga ƙofar ɗakinta. Ta haura tamanin, ba ta cika barci ba. Ta ce, "Maigida, wanga muryar na san ta." Maigida take ce mini, ni in ce mata amarya. Ta faɗi sunan telan da na ubansa da inda rumfarsu take a da. Na ce, "Amarya, ina kika san shi?" Ba ta amsa ba. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar makulli, ta kira ni in riƙe mata tocila. Ta kwashe zannuwan da ke cikin adakarta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda take ajiya don likkafani, a can gindi ta ɗauko wani tsumma a ƙulle. Cikinsa kati ne da ya naɗe huɗu, rubutun ya kusa gogewa, sunan kakana a jiki, ga raƙumi a tsaye.

Abin da muka sani a gidanmu shi ne kakana direban babbar mota ne, kuma ya taɓa yin damina uku a Abijan wurin ci-rani lokacin babana na ƙarami. A Tawa wannan ba abin tambaya ba ne, kowane gida da mai Abijan. Ta ce, "Ba Abijan yat tahi ba. Bayan kaka, shekarar da anka yi harbi Ƙonni, sunka zo da dare sunka tahi da shi. Ni nic ce ma yara Abijan." Ta ce bai taɓa riƙe bindiga ba, takardu yake ɗaukowa daga Sakkwato a ƙarƙashin kujerar mota. Ya dawo da haƙora uku babu, bai sake zancen ba har ya rasu, ita ma ba ta sake ba. An ce kowa ya ƙona katinsa, ta ce masa ta ƙona.

Na ɗauko na'ura. Ta ce in na kunna ta ba ni ba ita. Na yi lallashi, na ce ba suna, na ce zan sauya muryar. Ta ce, "Ka bi tsohin gari da goro wata da watanni, ni da ke ba ka hura kullum ba ka tambaye ni ba. Yanzu kuma ka makara." Ta karɓe katin daga hannuna.

Da safe na faɗa wa babana. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Shi ya sa. Duk wanda ya yi Abijan yana dawowa da Julanci ko na sayen abinci, shi ko kalma ɗaya ban taɓa ji a bakinsa ba." Ya tashi ya shiga wurin uwarsa, suka rufe ƙofa, ban san abin da suka faɗa ba.

Labarinta bai shiga shirin ba. Abin da na yi kawai, a kashi na biyu, bayan na gama zancen kamen 1964, na ce akwai gidaje a Adar da aka ce wa yara ubansu ya tafi ci-rani. Darakta ya tambaye ni inda na samo wannan, na ce daga majiya mai ƙarfi, ya dube ni ya bar zancen.

Kashi na farko ya fita ranar Laraba 16 ga Afrilu 2025, na biyu sati ɗaya bayansa. Muka buɗe layi rabin awa bayan kowanne. Wani ya zage ni wai na ɓata sunan gwarzo, wani ya ce na ɓata sunan Jori, wani ɗalibi ya ce me ya sa ban yi da Faransanci ba don su samu na jarrabawa. Ɗan kabu-kabun nan ya bugo ya ce yanzu ya gane, amma dai a sa wa wani titi a Tawa sunan, tunda nan ya yi lakwal. Mutum uku dabam-dabam suka kira bayan an rufe layi, ba su yarda a sa su a iska ba, kowanne tambayarsa ɗaya: yaya mutum zai gane ko ci-ranin kakansa na gaske ne? Wata mata daga Madawa ta ce kawunta na da rai, ya yi Sin, yana da shekara 87, in zan zo in zo da wuri.

Kakata ta saurari kashi biyun a ƙaramar rediyonta, sai da ta sa na sayo mata sabbin batura. Da na dawo gida daren na biyu na durƙusa na ce, "Amarya, yaya kika ji?" Ta ce na ba ɗan giwa lokaci fiye da tela. Na ce ba haka ba ne, na auna, tela minti goma sha ɗaya, akawu bakwai. Ta ce to nasa sun fi tsawo. Ta miƙo mini kwaryar fura, makullin adakar na ɗaure a bakin zaninta, ta tambaye ni ranar da zan tafi Madawa don ta ba ni saƙon goro in kai wa tsohon.